Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro: A Fito Da Sunayen Kuratan 1967

Mai girma Minista,

Buƙata ɗaya ce ta kawo ni. Ina roƙon ma'aikatarka ta tattara sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin basasar Najeriya, ta buga su inda kowa zai iya dubawa. An yi harbin farko ranar 6 ga Yuli 1967 a Gakem, kusa da Ogoja. An kwance ɗamara ranar 15 ga Janairu 1970, da Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas. Wata talatin ke nan ana zubar da jini. Yau an haura shekara hamsin, amma babu kundi guda da ɗan ƙasa zai buɗe ya ga sunan kawunsa, da lambarsa, da bataliyarsa, da ranar da ya faɗi, da inda ya faɗi.

Na san kowace 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya. A sayar da baje, a yi addu'a a masallacin Juma'a da coci, shugaban ƙasa ya ajiye furanni a gindin mutum-mutumin sojan da ba a san ko wane ne ba, a saki fararen tattabaru, a watse. Ban raina wannan ba. Sai dai waɗanda suka mutu a wancan yaƙi an san su sarai. Hukumar soja ta auna tsawonsu, ta ba su lamba, ta sa su a takardar albashi. Mantuwa daga baya ta zo, bayan an tura takardun ɗakin ajiya, iyayen da suka haife su kuma suka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya.

Bari in ɗauko ɗaya daga cikinsu, ranka ya daɗe. Ba zan laƙa masa suna ba, don irinsa dubbai ne, kuma kowace karkara ta san nata.

A ce an haife shi a 1949, a wani ƙauye na lardin Zazzau ko na Katsina. Ya yi allo, ya yi kiwon awaki, ya koyi riƙon fartanya a gonar gyaɗa da auduga tun hannunsa bai gama ƙwari ba. Ranar da aka sauke tutar Ingila a 1960 yana ɗan shekara 11. Da ya ɗan tasa sai ya bi yayyensa cin rani Kaduna, ya yi dako, ya yi ga-ruwa, yana hangen ma'aikatan masaƙar Kakuri da ke karɓar albashi a ƙarshen wata. A garin ya wayi gari ranar 15 ga Janairu 1966 da labarin an kashe Sardauna a gidansa. Daga baya aka ji na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Birgediya Zakariya Maimalari, da sauran hafsoshi. Sannan tarzomar watan Mayu, sannan juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli, sannan abin da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa cikin Satumba da Oktoba, inda aka kashe dubbai, jiragen ƙasa suka riƙa tashi zuwa Gabas cike maƙil da masu gudun tsira. Yaron yana ɗan shekara 17 a lokacin. Ko ya ɗaga sanda, ko ya ɓoye maƙwabci a ɗakinsa, ko ya tsaya kallo, duka ukun an yi su a shekarar nan.

Da Ojukwu ya shelanta kafa Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, gwamnatin Gowon ta ɗauka abin ɗan ƙarami ne, har ta kira matakinta aikin 'yan sanda. Sojojin ƙasar duka duka wajen dubu goma ne a lokacin. Ranar 9 ga Agusta dakarun Biyafara suka ƙetare gadar Kogin Kwara, suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya kusan ba tare da turjiya ba, suka miƙa har Ore a kan hanyar Legas. Hankali ya tashi. Aka ce Laftanar Kanar Murtala Muhammed ya haɗa runduna ta biyu ya mayar da su inda suka fito. Da me zai haɗa ta? Da abin da ya samu: masu dafa wa soja abinci, akawuna, direbobi, tsofaffin sojan yaƙin duniya da aka sake kira daga gida, da kurata sababbi fil. Kafin yaƙin ya ƙare yawan sojoji ya kai wajen 250,000. Daga dubu goma zuwa wannan adadi cikin wata talatin, kowa ya san ba a tsaya tantancewa ba.

Me ya kai yaronmu layin ɗaukar soja? Gidan rediyon Kaduna na ta kiran maza, makaɗa na zuga su, wanda ya iya boko yana karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo a bakin kasuwa. Ga zafin kisan Sardauna bai huce ba. Ga haraji da ke jiran mahaifinsa kowace shekara, ga kuɗin auren da dako ba zai tara masa ba, ga kaki da takalmi da abinci sau uku. Wanda ya ce kishin ƙasa kaɗai ya kai su bai san talauci ba, wanda kuma ya ce kuɗi kaɗai bai san ƙuruciya ba. Ba shi da takardar haihuwa. Aka dubi tsayinsa da faɗin ƙirjinsa, aka tambayi shekarunsa, ya faɗi abin da na gabansa ya faɗa. Aka rubuta sunansa irin yadda bariki ta saba tun zamanin Turawa, sunan yanka haɗe da sunan gari: wane Kano, wane Zuru, wane Bauci. Horon da a da ake shafe watanni ana yi a Zariya aka dunƙule shi cikin 'yan makonni. Ya koyi fareti, ya koyi kwance bindiga da ɗaura ta, ya yi abokai Tibi da Angas da Bacama da Dakarkari da Barebari da Yarbawa, Hausar bariki ta haɗa su. Sai aka zuba su a mota zuwa Kudu, ƙasar da bai taɓa gani ba, inda daji ke rufe rana, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa.

Cikin Satumba suka ƙwace Binin. Farkon Oktoba suka isa Asaba.

A nan dole in tsaya, don wasiƙar da ta tsallake Asaba ba ta cancanci a karanta ta ba. Ranar 7 ga Oktoba 1967 mutanen garin suka fito cikin fararen kaya, suna rawa da waƙar goyon bayan Najeriya ɗaya, da zaton hakan zai kare su. A unguwar Ogbeosowa aka ware maza da samari daga mata, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Sojojin runduna ta biyu ne suka aikata, wato rundunar yaronmu. Mutanen Asaba ba su jira gwamnati ba, sun bi gida gida sun tattara sunayen mamatansu, masu bincike biyu kuma, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, suka fitar da littafi a kan kisan a 2017. Ina kawo wannan ne don kada a ɗauka yabon soja nake nema. Lissafi nake nema. Kundin da zai faɗi wace bataliya ce ta rasa wane a wace rana, shi ne kuma zai faɗi wace bataliya ce take ina a wace rana.

Daga Asaba ana hango Anaca, wato Onitsha, a ɗaya gaɓar. Gadar da ta haɗa su, wadda tsawonta ya haura kilomita ɗaya kuma ba ta cika shekara biyu da buɗewa ba, 'yan Biyafara sun fasa ta da suka ja da baya. Hedikwatar soja a Legas ta ba da shawarar a koma arewa a ƙetare ta Idah, inda gaɓar take hannun gwamnati, a gangaro Anaca ta ƙasa. Murtala ya zaɓi ya afka kai tsaye ta ruwa. Ɗaya daga cikin kwamandojinsa, Alani Akinrinade, ya ƙi yarda da dabarar har ya bar rundunar.

Ranka ya daɗe, ka dubi abin ta idon yaron. Watan Oktoba ne, lokacin da Kwara ke cika ta batse. Shi kuwa ruwan da ya sani bai wuce rafin da ke ƙafewa da rani ba, da kududdufin bayan gari. Da yawansu ba su iya iyo ba. An ɗora masa bindiga da harsasai da takalmi mai nauyi, an cusa shi cikin jirgin fito tare da ɗaruruwan 'yan uwansa, a ɗaya gaɓar kuma mutanen Conrad Nwawo da Joe Achuzia na jira. Rukunin farko sun samu sun sauka, sun shiga gari, babbar kasuwar Anaca ta ƙone, tsari ya watse, agajin da ake jira daga Asaba bai iso ba. Da 'yan Biyafara suka juyo musu, baya babu komai sai kogi. Wanda harsashi bai samu ba ruwa ya ci shi. Aka sake gwadawa, aka sake gwadawa, sau uku ke nan ana asarar mutane da kaya, kafin a koma ga shawarar Idah. Sai cikin Maris 1968 Anaca ta faɗi. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 31 ga wata, Manjo Jonathan Uchendu ya yi wa ayarin rundunar na motoci wajen ɗari kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta kama tankar mai, ta bi jerin gwanon ta cinye.

Yaronmu bai kai Abagana ba. Ya tsaya a Kwara. Shekararsa 18 a duniya, zamansa cikin kaki bai wuce wata biyu ba. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, wataƙila ko hoto bai taɓa ɗauka ba.

Abin da ya biyo baya a gida shi ne ya fi ci mini rai. A al'adarmu mutuwa tana da hanyar da take bi ta zauna a zuciya: a yi wanka, a sa likkafani, a yi salla, a kai makwanci, a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Wanda kogi ya tafi da shi babu ko ɗaya daga ciki. Wasu gidajen sun sami takarda. Wasu sai da yaƙi ya ƙare wani ɗan garin ya dawo da ƙafa ɗaya ya ce rabonsa da ganin wane tun bakin ruwa. Uwa ba ta yarda da irin wannan labari. Duk sojan da ya sauka a tasha sai ta aika a tambaye shi. Waɗanda suka bar mata kuwa sun bar su cikin tsaka mai wuya, ba su da miji ba su kuma shiga takaba ba. Malamanmu sun san babin wanda ya ɓace a littafin Risala: mace ta kai ƙara gaban alƙali, a yanka mata shekara huɗu ana cigiya, sannan ta yi idda irin ta mamaci, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai lokacin da irinsa ba zai ci gaba da rayuwa ba. Layi ɗaya daga hukuma, mai ɗauke da suna da rana, da ya raba gidaje da yawa da wannan wahala. Haka abin yake a gidajen Kirista na Filato da Binuwai da Adamawa da kudancin Kaduna, waɗanda suka ba da 'ya'yansu masu yawan gaske, suka rasa kabarin da za su je su tsaya a kai.

Ba na cikin masu jin daɗin zagin Murtala. Shekararsa 28 a bakin kogin nan, Gowon na da 32, Ojukwu 33. Samari ne ke tura yara. Abin da Murtala ya yi wa ƙasa a 'yan watannin mulkinsa, da yadda aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976, sun sa mutane na ƙaunarsa har gobe, ni ma ina cikinsu. Sunansa na kan filin jirgin saman Legas, fuskarsa na kan naira ashirin. Ya cancanta. Amma ƙasar da ta iya tuna kwamanda har haka ba ta da hujjar kasa rubuta sunayen waɗanda suka shiga jirgin fito da umarninsa.

Abin kunyar shi ne, kawun yaron nan da a ce shi ya mutu a yaƙin Burma a 1944, cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, da yau an san inda za a nemi sunansa. A maƙabartar Taukkyan da ke wajen birnin Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a ga gawarsu ba, 'yan Najeriya na ciki, da sunayensu irin na bariki. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta zuba bayanan a intanet, jika na iya nemo kakansa ta wayar hannu. Su ma ba tsarkaka ba ne. A 2021 bincike ya nuna dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin duniya na farko ba a rubuta sunayensu ba, takwaranka na Birtaniya a lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Mu kuwa barikokinmu na riƙe da sunayen wuraren da aka gwabza a Burma, Dodan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi da ya adana motocin sulke da jirgin ruwa da bama-baman da 'yan Biyafara suka ƙera. Ƙarfe ya sami ɗakin ajiya, mutanen da ƙarfen ya kashe ba su samu ba.

Kuma na ga ma'aikatarka ta iya in ta so. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta ranar 14 ga Maris 2024, an fito da sunayensu da hotunansu, aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, shugaban ƙasa da kansa ya halarta, aka yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun yara. Haka ya kamata. Asaba ita ce babban birnin wannan jiha ta Delta. Bambancin na Okuama da na bakin gadar Asaba shekaru ne kawai.

Na san abin da za a ce maka. Za a ce a bar kaza cikin gashinta, ƙasa na fama da masu neman ɓallewa a Kudu maso Gabas, tono maganar yaƙi fama gyambo ne. To ai shirun mun gwada shi. Mun taɓa cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu na tsawon shekaru. Rahoton kwamitin Oputa, wanda ya saurari koke-koken da suka haɗa da na yaƙin, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Me shirun ya haifa? Matasan da ba su ga yaƙi ba, Kudu da Arewa, suna kiransa a Facebook kamar wasan ƙwallo. Ɗan Arewa da ke cika baki cewa mun ci su da yaƙi bai san adadin 'yan garinsu da ba su dawo ba. Da zai ga jerin sunayen ƙaramar hukumarsa, ya ga shekarunsu 17, 18, 19, da ya rage murya.

Don haka ina roƙon kundin ya haɗa da na ɗaya ɓangaren. Yaron da ya harbi yaronmu daga gaɓar Anaca tsaransa ne, wataƙila ma a Sabon Garin Kano ko Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Da yaƙi ya yi tsanani Biyafara ta riƙa kama samari a hanya da kasuwa tana sa musu kaki. Naƙasassunsu sun shafe shekaru a Oji River suna bara a bakin titin Inugu zuwa Anaca. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka yi nasara a kansa. A 2000 gwamnatin Obasanjo ta mayar da korar da aka yi wa jami'an da suka bi Biyafara ta zama ritaya. In an yafe wa rayayyu, ban ga dalilin ware matattu ba. Fararen hula da yunwa ta kashe, waɗanda ƙiyasi ya kai su daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, yawancinsu yara, aikinsu ya fi ƙarfin ma'aikata ɗaya, ya kamata shugaban ƙasa ya ji shi daga bakinka.

Za a kuma ce takardu sun ɓace, an ɗebi mutane cikin gaggawa, sunaye sun yi kama da juna. Gaskiya ne aikin ba zai fita cif ba. Amma makiyayi ma in ya koro garke da yamma sai ya ƙirga, ya san wadda ba ta dawo ba, ko da ba zai same ta ba. Akwai ofishin ajiyar bayanan sojoji a Lakwaja. Akwai fayilolin hukumar fanshon soja, da rajistar ƙungiyar 'yan mazan jiya a jihohi, da ɗakunan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna da Ibadan da Inugu, da Gidan Arewa. Duk sojan da aka daina biyansa albashi, akwai watan da aka daina, akwai kuma dalilin da akawu ya rubuta. Inda takarda ta gaza, mutane na nan. A bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, a bi ta coci-coci da ke da littattafan baftisma, a yi shela a gidajen rediyo da Hausa da Tibi da Ibo da Yarbanci da sauransu cewa duk gidan da ɗansu ya tafi bai dawo ba su kawo sunansa. A ba sassan tarihi na jami'o'in Zariya da Nsukka da Jos aikin tantancewa, ɗalibansu na neman abin bincike. Kuɗin da za a kashe bai kai na sayen jirgin yaƙi guda ba. In kundi ya kammala a buga shi jiha jiha, a sa a intanet, a aika kwafi kowace sakatariyar ƙaramar hukuma. Maganar bango mai sunaye, a Abuja ko a gindin sabuwar gadar Asaba zuwa Anaca da aka buɗe a 2023, ta biyo baya.

Abu ɗaya ne ba zai jira ba. Kuratan 1967 da Allah ya ja kwanansu yanzu sun doshi tamanin. Suna nan a ƙauyuka da bayan barikoki, wasu na gadi har ƙarfinsu ya ƙare, wasu na bin layin tantance 'yan fansho. Su ne kaɗai za su iya cewa wane Zuru da ke takarda ɗan gidan wane ne, a jirgi na nawa ya shiga, wa ya gan shi ƙarshe. Ina roƙon a fara da su a wannan shekara, a tura matasan hafsoshi da na'urar ɗaukar magana jiha jiha, tun kafin a kafa kwamiti ko a zana gini. In an yi haka, a taron 15 ga Janairu mai zuwa za ka iya tsayawa ka karanta kashin farko na sunayen, ko da ɗari biyar ne, ka faɗi ranar da za a fitar da na biyu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba ka ikon yi.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa daga Arewa.